Kwalbar da Atika Ta Zubar

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illo ya san Atika mai kifin banda, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a bakin layin 'yan kifi da kwando uku a gabanta, wadda in ka yi wa tarwaɗarta tayin wulaƙanci za ta bi ka da kallon da sai ka duba ko rigarka ce ta yage. Fataken da ke hayowa daga Benin suna shakkar bakinta, amma wurinta suke fara tsayawa, domin kifinta ba ya tsutsa kuma ba ya marmashewa a hanya. Ta iya Dendanci daidai na ciniki da na faɗa. Fulatanci kuwa gaisuwa kaɗai ta riƙe, ta ce ya ishe ta tunda masu shi ba su damu da kifi ba.

A Tungar Arzika aka haife ta, wani ɗan ƙauyen Sarkawa masunta a ƙasar Kaoje, gidajensa ba su wuce talatin ba, a bakin Kwara inda ruwa kan cinye gona bana ya mayar da ita baɗi. Tun kanta bai kai tsawon murhun banda ba uwarta ta koya mata feɗe kifi da barbaɗa gishiri, da sanin itacen da hayaƙinsa ke sa kifi ya yi ja da wanda ke sa shi ɗaci. A nan tungar ta auri Labbo, masunci, gajere mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake ji daga tsallake. Su suka ga juna suka ce suna so. Shi ya kamo, ita ta banda, a tsakani kuma su yi ta tsiya. Takan ce masa ba ya kama kifi sai wanda ya gaji da duniya ya kawo kansa, shi kuma ya ce ai ita ma haka ya same ta. Shekara talatin da wani abu suna wannan, maƙwabta har sun daina leƙowa.

Haihuwarta ta fari ta zo da wuya. Ciki na wata takwas ƙafafunta suka kumbura, kai ya riƙa sara mata, ranar naƙuda kuma jijjiga ta kama ta har ta ciji harshe. Tsofaffi suka ce mutanen ruwa ne suka taɓa ta, aka yi hayaƙi aka yi tofi, Allah ya sa ta tashi ita da jaririyar, aka raɗa wa yarinya suna Rahma. Daga nan sai wankan jego da kunun kanwa kwana arba'in, kamar kowace mace. Haihuwa bakwai ta yi, ta raya biyar, kuma sau biyu kumburin ya sake dawo mata. A cikin na ƙarshe wata ma'aikaciyar lafiya da ta zo rigakafi ta ɗaura mata abin awo, ta ce jininta ya hau, ta je asibiti. Atika ta ce to. Da ta sauka kumburi ya saɓe, maganar ta bi ruwa. Ciwon kai dai ya zama ɗan gida, in ya matsa sai ta sayi ƙwayar ciwon jiki wurin masu tebur a kasuwa, ta haɗiye biyu ta koma bakin kwandonta.

Mutuwar Haliru, wan Labbo, ita ce ta juya mata rayuwa. Haliru ya daɗe da hawan jini, ya ce shi lafiyarsa lau tunda yana tuƙa jirgi. Rana ɗaya ƙafa ta hau, ciki ya bi, fuska ta cika har idanu suka shige, fitsari ya ɗauke. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, aka ce ƙoda ce ta mutu. Wata huɗu yana kwance yana ƙaiƙayi yana amai, kuma Atika ce ke dama masa kunu ta kai. Su biyun kamarsu ɗaya, shi da Labbo, har tsagar goshi. Duk ranar da ta durƙusa ta miƙa masa ƙwarya, fuskar mijinta take gani a kumbure, sai ta fito ta tsaya bayan ɗaki ita kaɗai. Ranar da aka ɗauki gawar Haliru ta ƙudura a ranta cewa in dai da abin da hannun mutum zai iya, Labbo ba zai tafi ta wannan hanya ba.

A lokacin shekara biyu ke nan da buɗe ɗan asibitin sha-ka-tafi a garin da ke gaba da tungar, ɗaki biyu da baranda, ma'aikaci guda ɗaya tak. Sunansa Sufyan, mutumin Bahindi, mai sanyin magana da tsabtar riga, kuma shi ne ya auri Rahma. Mutane suka ce Atika ta gama sa'a, ga likita a cikin gida. Masu faɗin haka sun manta cewa suruki ne. A tungar, mace ba ta haɗa ido da mijin ɗiyarta, ba ta ci a gabansa, ba ta kama sunansa, in ta hango shi tafe sai ta ratse cikin gona ko da ƙaya. Balle mijin 'yar fari, wadda ita kanta ba a kiran sunanta, sai dai a ce "wagga". Atikar da ke sa fatake rawar baki, in Sufyan ya yi sallama sai ka neme ta ka rasa. "Mai asibiti" take ce masa, shi ma sai ba ya nan.

Bayan sadakar bakwai ta Haliru, Sufyan ya zo da abin awon jini a cikin jakarsa, ya zaunar da Labbo a ƙofar gida ya ɗaura masa. Atika tana bayan zana, ta dakatar da dakan da take yi tana saurare.

"Baba, jininka ya hau ƙwarai," in ji Sufyan. "Shi na abin da yac ci ƙodar Baba Haliru. Ba shi ciwo, ba shi sallama, sannu-sannu shika ci."

Labbo ya yi dariyarsa, amma ba ta kai tsallake ba wannan karon. "To mu maza kaɗai shika bi? Waccan mai hwaɗa tun sahe, nata jinin bai hau ba sai nawa?"

Sufyan ya sunkuyar da kai. "Abin da anka koya muna, ya hi saurin ɓata ƙodar maza. Amma mata ma ba su tsira ba, Baba. Da Inna za ta yarda a duba ta..."

Bai ƙarasa ba. Bayan zana taɓarya ta ci gaba da sauka a turmi.

Kada wani ya ce Atika ba ta ji rabin maganar na biyu ba. Ta ji sarai. Na farkon ta ɗauka domin akwai aiki a cikinsa, kuma aiki bai taɓa ba ta tsoro ba. Na biyun ta bar shi nan inda ya faɗi, domin ma'anarsa ita ce ta zauna gaban surukinta, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ya kama damtsenta ya ɗaure, ya kuma tambaye ta yadda take fitsari. Tunanin kaɗai ya sa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari gidan Labbo ya koma tukunya biyu. Tasa babu gishiri, babu dunƙule, babu kanwa, sai daddawa da albasa da ɗanyen kifi. Ya ɗanɗana ya ce ko ruwan Kwara ya fi wannan miya daɗi, ta ce to ya je ya sha, ga shi nan bai ƙare ba. Ya yi fushi ya yi lallashi, har ya gwada satar miyar yara, ta kama shi da ludayi a hannu, ta yi masa tas a gaban jikokinsa. Ƙwayar hawan jinin da Sufyan ya ba shi kuwa, kafin ya ɗauki filafilin jirgi da asuba tana tsaye a kansa da moɗar ruwa, kuma ba ta matsawa sai ya buɗe baki ta gani. Mazan tungar suka sa masa suna ɗan yaye. Yana jin haushi, yana kuma jin daɗi, duk wanda ya san shi ya san haka.

Sai maganar kwalba. Sufyan ya ce duk farkon wata a kawo masa fitsarin safe na Labbo, zai tsoma wani ɗan tsinken takarda a ciki, in ƙoda ta fara yoyo launin zai nuna. Labbo ya ce shi da girmansa ba zai ratsa gari da fitsari a hannu ba. Atika ba ta tsaya musu ba. Ita ta riƙa naɗe kwalbar a tsumma, ta sa ƙarƙashin mayafi, ta yi tafiyar rabin sa'a a kan kunyar shinkafa. In ta isa sai ta ajiye a gefen baranda, ta yi gyaran murya, ta koma gindin darbejiya ta juya baya. Sufyan ya fito ya durƙusa ya gaida ƙasa, ita ma ta amsa wa itace, ya ɗauka ya shige. Jim kaɗan ya dawo ya ce, "Lahiya lau, Inna." Wannan kalma ita take ɗauka ta koma da ita gida tana jin kamar an sauke mata dami. Shekara tara tana wannan zirga-zirga, rani da damina.

Tata tukunyar kuwa tana nan yadda uwarta ta koya mata, da gishirinta da kanwarta, ga kifin banda da take ɗanɗanawa yini guda don ta ji ko ya kama. Da al'ada ta ɗauke mata sai ciwon kan ya ƙaru, wani lokaci har ta riƙa ganin taurari da rana tsaka. Sufyan bai manta da ita ba, a yi masa adalci. Ya koya wa Rahma ɗaura abin awo ya aiko ta. Uwa ta miƙa hannu tana kallon bango, 'ya ta ɗaura tana kallon ƙasa, Rahma ta rubuta lambar a tafin hannunta ta kai. Da yamma ta dawo da ƙwaya irin ta Labbo, da saƙon cewa Inna ta daure ta je Bagudo a duba mata ƙoda. Atika ta ce in an yanke shinkafa.

Ta sha ƙwayar wata biyu, kan ma ya yi sauƙi. Sai ruwa ya zo, irin wanda ya shafe fadama ya yanke hanya, asibitin ya yi makonni babu magani. Na Labbo ya ƙare. Atika ta duba gwangwaninsa ta ga wayam, ta duba nata, ta juye masa duka ba tare da ya sani ba. Shi aka ce ya fi haɗari, haka ta faɗa wa kanta, kuma a ganinta ba ta yi ƙarya ba. Bayan ruwa ya janye Sufyan ya ci gaba da aiko mata da nata duk wata, ita kuma ta ci gaba da ƙulle shi a ƙasan kwalla saboda ruwan baɗi, sai ranar da kai ya nemi tsagewa ta ɓalli guda. In Rahma ta tambaya daga bakin ƙofa, amsa ɗaya ce: "Ina sha."

A shekara ta tara Atika ta fara cika. Fuska ta yi ɓul-ɓul da safe, awarwaron da ke yawo a hannunta ya tsaya cak, takalmin roba ya ƙi shiga. Matan tungar suka yi ta yi mata barka a bakin ruwa. "Atika, Labbo na ji da ke! Tsuhwa ya zo maki da kyau!" Labbo kuwa, Allah sarki, har wani buɗa kafaɗa yake, yana cewa ai ya daɗe yana kiwo, sai yanzu abin ya nuna. Ita kaɗai ta san ba ƙiba ba ce. In ta danna ƙaurinta da yatsa ramin ba ya tashi. In ta zaga bayan gida sai ta ga kumfa kamar an zuba sabulu, kuma ta sha jin Sufyan yana tambayar Labbo ko yana ganin kumfa. Wadda ta yi jinyar Haliru ba ta bukatar a faɗa mata. Tsoro ya shige ta.

Da watan ya kama sai ta wanke wata 'yar kwalbar turare, ta cika ta da nata. Ta naɗe ta Labbo a tsumma, ta riƙe tata a hannun hagu ƙarƙashin mayafi, ta kama hanya. Tafiyar rabin sa'a ta ɗauke ta sa'a guda, sau uku tana zama a kan kunya tana mayar da numfashi. Duk hanyar tana shirya abin da za ta ce. Za ta ajiye su biyu kawai ta juya baya. Ko ta ce ta wata maƙwabciya ce. Amma ai zai tambaya wace ce, kuma in abin ya nuna mugun launi wa za a nema? Ko da ta iso baranda ba ta tsayar da magana ba.

Ta ajiye ta Labbo, ta yi gyaran murya. Kafin ta kai gindin darbejiya Sufyan ya fito, ya durƙusa kusa da ita fiye da yadda ya saba. Al'adar da ta hana shi kallon fuskarta ita ta ajiye idonsa a kan ƙafafunta, ya gan su sun cika sun yi sheƙi, igiyar takalmi ta nutse a cikin nama. Ya san abin da ya gani.

"Inna," ya ce a ƙarshe, muryarsa can ƙasa, "ƙahwa..."

Kwalbar tana cikin tafin hannunta, har ta yi ɗumi. Abin da ya rage ta miƙa hannu kawai, bai kai kamu ɗaya ba tsakaninsu. Sai ta hango shi a ranta yana buɗe murfin, yana ɗaga ta sama yana dubawa a haske, mijin 'yarta ta fari, uban jikokinta. Hannun ya ƙi fitowa.

"Tsayuwa ta wurin banda," ta faɗa wa itacen. "Ba komi."

"Allah shi sawwaƙe, Inna."

Ya ɗauki ta Labbo ya shige. Ita kuma ta zaga bayan darbejiya ta buɗe tata ta tsiyaye a gindin itacen, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ta jefa kwalbar cikin ciyawa. Da ya fito ya ce lafiya lau, ta ce alhamdu lillahi, ta juya. Sai da ta yi nisa a cikin shinkafa inda ba kowa sannan ta zauna ta yi kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba ko a ranar da ta binne 'ya'ya. Abin takaici ne, wallahi. Mutum biyu masu hankali, kowanne yana ƙaunar ɗayan da alheri, kowanne ya san gaskiya, suka tsaya suna girmama juna har lokaci ya wuce.

Sufyan bai yi shiru ba, amma ta hanyar da aka yarda suruki ya yi magana ya bi. Ya faɗa wa Rahma, Rahma ta faɗa wa ubanta a takaice domin ita ma da tata kunyar, Labbo ya shigo gida ya ce, "An ce ki tahi Bagudo a duba ƙahwarki." Kafin maganar ta iso kunnen Atika ta zama maganar ƙafa kawai. Ta ce kifi ya yi yawa yanzu, in ta tafi wa zai banda, wa kuma zai yi masa miya, ko so yake ya samu hanyar cin gishiri? Labbo ya yi dariya ya bar ta. Sau uku Sufyan yana aikowa, sau uku tana ɗaga ranar.

Wata na huɗu bayan zubar da kwalbar, da hantsi, tana juya kifi a kan murhu sai amai ya taso mata, ƙasa ta juya, ta faɗi gefen wuta. A kwance cikin amalanke aka fitar da ita zuwa bakin titi. A Bagudo suka ɗebi jini suka duba, suka ce a wuce da ita Sakkwato yau-yau. Sufyan ne ya zauna gaba a motar, bai waiwayo ba har suka isa, amma Rahma ta ce tun daga Bagudo yake kuka a ɓoye.

A babban asibitin wata likita ce ta karɓe ta, mace mai tabarau wadda ba ta kai Rahma shekaru ba. Ta ja labule ta zauna a bakin gado ta yi ta tambaya, Atika kuwa ta yi ta amsawa kamar an kwance bakin buhu: jijjigar haihuwar fari, kumburin ciki, ƙwayar masu tebur, kumfa, maganin da ke ƙulle a ƙasan kwalla. Abin da ta kasa faɗa shekara tara ta faɗe shi kafin ruwan da aka ɗaura mata ya kai rabi. Likitar ta cire tabarau ta murza ido.

"Mama, tun wancan cikin na fari ƙodarki ta samu rauni. Macen da ta yi jijjiga, ita ya kamata a fi sa wa ido."

"An ce na maza ya hi sauri," in ji Atika.

"Sau da yawa haka ne. Na mace yakan tafi a hankali, har a ɗauka ba ya tafiya. In al'ada ta ɗauke kuma sai ya ƙara gudu. Da an gani shekara biyar da suka wuce, ko uku ma, da mun riƙe shi."

Aka fara yi mata wankin ƙoda, sau biyu a mako, injin yana jan jininta yana mayarwa. Jikin bai karɓa ba. Zuciyar ma ta gaji, in ji likita, shekarun da ta yi tana turo jini da ƙarfi sun kumbura ta. Duk ranar wanki sai an tsayar da injin kafin lokaci, a dawo da ita gado kamar tsumman da aka matse. Labbo yana zaune a baranda da 'yar butarsa, mutumin da bai taɓa kwana uku nesa da ruwa ba, ya rame ya yi zuru-zuru. Ita kuwa ko a haka ba ta fasa ba. Ta sa Rahma ta riƙa bincika abin da yake saya a bakin asibiti, kuma ta matsa wa likita sai an ɗebi jininsa shi ma an duba da injin birni, domin ba ta gama yarda da ɗan tsinken takarda ba.

Ranar da sakamakon ya fito da la'asar ne. Likitar ta shigo da takarda, Labbo yana biye da ita, Sufyan ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Baba dai sai godiya," in ji likitar. "Shekara sittin da bakwai da hawan jini, amma ƙodarsa biyu suna aiki yadda ake so. Duk wanda ya kula da shi ya iya."

Labbo ya matso jikin gadon. Ashe kwana biyu yana jin masu jinya a baranda suna hirar cewa mutum na iya ba wani ƙoda guda ya rayu da guda, ya riƙe abin a ransa bai faɗa wa kowa ba. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Likita, tunda kin ce nawa na da kyau, biyu na gare ni. Ku ɗebe guda ku sa mata. Ku ɗebe wadda tah hi kyau. Yau ma in kuna so."

Likitar ta buɗe baki za ta yi masa bayanin cewa mai hawan jini a shekarunsa ba a ɗaukar tasa, kuma zuciyar matarsa ba za ta ɗauki aikin ba. Atika ta riga ta. Ta yunƙura ta ɗaga kai daga matashi, abin da ta kwana uku ba ta iya ba, ta kafe shi da idon nan na kasuwar Illo.

"Kai, Labbo. Shekara tara ina tsaron abin ga. Miya biyu kullum, tahiya cikin ruwa da rana. Sannan ka zo ka ce a sa wuƙa a yanka? Wallahi ko bayan raina ka bari anka taɓa ta ban yahe ba."

"Atika, to ni mi za ni yi da su in ba ki?"

"Ka riƙe su. Aikina na."

Ta mayar da kai kan matashi tana haki. Can ta juyo wajen likitar, muryarta ta yi laushi kamar ta mai roƙon alfarma.

"Ɗiyata, sake hwaɗin abin da takardar tac ce in ji."

Likitar ta sake karantawa, a hankali, har ƙarshe. Atika ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi. Labbo ya juya ya fita, ya wuce surukinsa a bakin ƙofa, ya kai tsakiyar baranda. Ya durƙushe ya fashe da kuka da ƙarfi a gaban Sufyan da duk masu jinya, bai ko rufe fuska ba.

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara. Ta roƙa a mayar da ita gida da ranta, aka mayar da ita, ta cika a ɗakinta ranar wata Alhamis kafin azahar, tana da shekara hamsin da shida. Labbo yana nan har yanzu, ya haura saba'in, yana fita ruwa in jiki ya yarda. Ƙodarsa biyu lafiyarsu lau, kuma ba ya son a faɗa masa.